Ɗaurin Auren Zoɓo da Taliya

Duk wannan abu wani Bature ɗan Italiya ne ya jawo mini shi. Tun da aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a watan Nuwamban 2020 saboda masu gudun yaƙin Tigray, garinmu Doka ya cika da baƙi. Ni kuma na samu aikin tuƙa wannan Hawaja, kamar yadda Larabawan nan ke kiran Bature. Kullum daga Gadarif mu bi kwaltar da ta nufi Gallabat, mu sauka cikin baƙar laka, mota na rawa, shi kuma bakinsa ba ya gajiya da zancen abincin garinsu.

Babban baƙin cikinsa rashin giyar inabi. Tun 1983 shugaban ƙasa Numeri ya tuttular da giya a kogin Nilu, kuma ko da aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba a 2020, ba a Doka za ka ga kantinta ba. Sai ya huce da ba ni labari. Wai a wurinsu kowane abinci da matarsa. Jan nama da miyar tumatir, ja ake aura musu, irin Chianti ta yankin Tuskani. Kifi da abinci marar nauyi, fara. Mai zaƙi kuwa sai a ƙarshe. Kuma ja ta kirki, in ji shi, busasshiya ce, wato ba zaƙi. Ruwa busasshe! Ban gane ba, amma na gyaɗa kai.

Giya dai ba ruwana da ita. Ɗaurin auren ne ya shiga raina. Ina ja ya kai zoɓonmu, wanda ake kira karkade a nan? Ina fari ya kai ruwan kwalba-da-nono na kuka? Tsamiya kuma ta rufe taro. Ita taliya ma an ce daga sunan Italiya ta samo nata, ashe 'yar gida ce.

Da aka gama yankan riɗi na gayyaci mutum biyar: Kawu, Liman, abokina mai tarakta, telan unguwa, da maƙwabcina Bahabashe. Uwargida ta saurari tsarin har ƙarshe, ta ce, "Malam, in ɗora tukunyar miya a gefe?" Na ce kada ta kuskura. Ta ce, "To."

Man zaitun ya gagara, na sa man riɗi; a ƙasar Gadarif wannan ba abin kunya ba ne. Cukun da ake gogawa ya gagara, na marmashe farin cuku mai gishiri. Abin shan na ɗura a kwalaben gilashi, na jiƙa su a randa. Na aro tebur da kujeru da cokula masu yatsu guda huɗu. Mu shida ne.

Bayan magariba suka iso, ban da Liman da aka tsare da wani sulhu. Suka duba tabarma, babu. Kawu ya hau kujera kamar wanda aka kai kotu. Na fito da abin buɗe ciki: gasasshen burodi yanka bibbiyu, da tumatir da tafarnuwa a kai. Mu da muka saba a dire faifai ɗaya da komai a kansa, kowa ya sa hannu, sai suka zaci abincin ke nan. Aka yi shiru. Mai tarakta ya jawo ni gefe.

"Ɗan'uwa, riɗin bana bai yi maka ba ne? Me ya hana ka faɗa?"

Kafin in amsa ya cusa mini kuɗi a aljihu.

Na dawo na fara darasi. Na zuba zoɓo kaɗan a kofin shayi, na ɗaga shi saitin fitila, na jujjuya, na lumshe ido, na shaƙa. A ɗaya hannun ga kwalba ja wur. Daidai lokacin da nake cewa "wannan shi ne Chianti ɗinmu" Liman ya shigo. Sallamarsa ta tsaya a rabi.

"Innalillahi! A gidanka? Da Kawu zaune?"

Rantsuwa ba ta yi aiki ba sai da ya shinshina da kansa, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Na dafa zoɓon nan ya yi kauri, ko ƙwayar sukari babu. Fuskar Liman ta tattare wuri ɗaya. Da ta warware ya ce, "Ba haram ba ne. Amma zalunci ne."

Sai ga amarya, taliya. Hawaja ya ja mini kunne cewa kada ta yi lugub, a bar ta al dente, ma'ana haƙori ya ji ta. Na yi wa jama'a wannan bayani da alfahari, na manta haƙoran Kawu uku ne, kuma babu biyun da ke fuskantar juna. Ya daɗe yana fama da sili ɗaya, sannan ya ajiye cokali.

"Yaro, abincin su wa ka ce?"

"Na Italiya, Kawu."

"Talyan? Waɗanda suka kama Gallabat a 1940? Babana ya ga jiragensu. Ashe har yanzu yaƙin bai ƙare ba."

Na juya wurin Bahabashe neman ceto, tunda Talyan sun zauna ƙasarsu daga 1936 zuwa 1941 sun bar musu taliya gado. Ya tauna, muka ji ƙaras. Ya ce a hankali, "Maƙwabci, al dente daban, ɗanya daban."

Daga nan ragama ta kuɓuce. Tela ya leƙa ya roƙi sukari, ya barbaɗa a kan miyar tumatir, wai ai sha'iriyya, siririyar taliyar nan, da sukari ake cin ta. Mai tarakta ya jawo kwano, ya juye zoɓo da kuka da tsamiya, ya antaya sukari, ya motsa da cokalin da muke karɓa-karɓa da shi. Na ce ya ɓata aure, kowane abinci da matarsa ɗaya.

"A garinsu ke nan," in ji shi. "Allah gafarta Malam, mu nawa aka yarje mana?"

"Huɗu," in ji Liman, yana miƙa kofi.

Suka shanye tas, har da tsamiyar da na jiƙa tun safe, wadda kaurinta ya isa mutum ashirin.

Ban ji lokacin da uwargida ta aiko yaro ba. Sai ganin faifai na yi: kisra a ninke, miyar busasshiyar kuɓewa tana tururi, agashe na ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji. Nan take aka shimfiɗa tabarma, aka bar ni da tebur da kujeru biyar. Na ɗan jima a kai don kare mutunci, sannan na sauko.

Tsamiya kuwa ba ta yafe ba. Da asuba ladan ne ya ja salla, sahun gaba da giɓi huɗu.

Da hantsi na kai wa Hawaja ragowar busasshen zoɓo, ko zan samu mutum ɗaya da ya san darajarsa. Ya ɗaga saitin rana, ya jujjuya, ya shaƙa, ya kurɓa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya tambaye ni ko akwai sukari a mota.