Mas'alar Bango Mai Fuska

Ranar Talatar nan da ta wuce, bayan sallar la'asar, ina dawowa daga masallaci da carbina a hannu, ba ni da wani buri a duniya face in kai ga tabarmata in miƙe ƙafa, sai na tarar da ɗan ƙanena, wanda aka kashe dukiya mai yawa aka kai shi jami'a domin ya fito injiniya, ya durƙusa a tsakiyar lungu, ya saita wayarsa ga bangon zaurena, ya ɗaga mini hannu yana cewa, “Baffa, dakata kaɗan, za ka tare masa fuska.” Na duba dama na duba hagu, ban ga mai fuska ba sai ni da shi da wata akuya. Ashe bango yake nufi. Wai tagogin nan biyu na sama su ne idanu, guntun azarar da ya leƙo tsakaninsu shi ne hanci, tsagar nan kuwa da ruwan bara ya yi, wadda ta hana ni barci tun watan Agusta, ita ce baki, kuma a ganinsa murmushi bakin yake yi, irin na dattijon da ya ga jiya ya ga yau.

Ba sai na bayyana wa mai karatu wannan jama'a ba, gama babu unguwar da ba su kai ba. Su ne masu tsugunawa gaban tsohon kwaɗo da murfin kwalbati da gaban motar da ta daɗe bisa duwatsu a garejin makanikai. Wannan ya ce buta tana fushi, wancan ya ce soket ya cika da mamaki. Sabon abu ba ya shiga idonsu, sai wanda tsatsa ta ci, ko gara ta sassaƙe, ko fenti ya ɓaɓɓare daga jikinsa.

To, na kwana ina nazarin al'amarin, na ga cewa idan har ya tabbata bangon nan yana da fuska, lalle mas'aloli masu nauyi sun taso, waɗanda ban taɓa jin malamanmu sun biya su a Risala ko Muhtasar ba. Ta farko, shekara da shekaru ke nan ina wucewa ta gabansa safe da yamma ba gaisuwa ba ban hannu, alhali kuwa ya girme ni nesa ba kusa ba. Shin wannan rashin ladabi yana da ramuwa? Ta biyu, matan gidana da ke share gindinsa kowace safiya, shin muharraminsu ne, ko kuwa tilas su ja mayafi su kau da kai? Ta uku, da yake kakana ne ya kawo shi duniya da tubali da makuba, ƙiyasi ya nuna cewa baffana ne, ke nan yana da rabo a cikin gado, ga shi kuma shi kansa yana cikin abin da za a raba. Sai masu hisabin gado su gaya mana yadda magaji zai gaji kansa. Ta huɗu kuwa, wadda ta fi tayar mini da hankali, in 'yan siyasar mazaɓarmu suka ji labari, na rantse kafin zaɓe ya zo sun yanka masa kati, shi da buta da soket da murfin kwalbati, kuma ranar ƙuri'a duk za su fito da sassafe ba mai makara. Da na ambaci cewa zan kira magini ya cike tsagar, yaron ya dube ni duban wanda ya ji an ce za a ɗinke wa dattijo baki, ya ce, “Haba Baffa, ai tarihi ne.”

Adalci ya wajabta in faɗi cewa wannan cuta ba a lungunmu ta fara ba. A shekarar 1976 kumbon Amurka mai suna Viking 1 ya aiko da hoton wani tudu a tauraron Mirrihu, mutane suka ga idanu da hanci da baki, aka yi ta rubuta littattafai ana muhawara a kan waɗanda suka sassaƙa shi, har sai da wani kumbon ya sake ɗaukarsa da kyau a 2001, aka ga tsauni ne kurum, inuwa ce ta yi masa kwalliya. A 2004 kuma wata mata a jihar Fulorida ta sayar da guntun gasasshen burodi, wanda ta riga ta gatsa, a kan dala 28,000, domin wai an ga siffar Nana Maryamu a jikinsa. Masana halayyar ɗan Adam sun ce tun ranar haihuwa jariri ya fi karkata idonsa ga ɗigo biyu a sama da ɗaya a ƙasa, kuma hikimar a fili take, domin wanda ya ɗauki kututture kura ya yi asarar gudu kawai, wanda ya ɗauki kura kututture kuwa sai dai a yi zaman makokinsa. Hatta Leonardo da Vinci, gwanin zanen nan na Italiya wanda ya rasu a 1519, ya hori almajiransa da su riƙa duban dabbare-dabbaren tsofaffin bangaye domin su ga duwatsu da yaƙe-yaƙe da fuskoki. Amma fa shi in ya gama duba yakan tashi ya kama aiki. Namu almajiran in sun gama sai su zauna ƙidayar waɗanda suka danna musu alamar yabo a Instagram.

A nan ne raha take ƙare mini. Wannan tsaga da ake kira murmushi, a ƙarƙashinta jikokina suke karatun allo, kuma in damina ta kama ta haka, ba hoto za a zo ɗauka ba. A dā, kafin ruwa ya sauka, samarin gida ne ke kwaɓa ƙasa su taka ta da ƙafa su miƙa wa magini a yi yaɓe. Ganuwar Kano ma, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta tun ƙarni na 12, da aikin gayya aka riƙa raya ta har ta kai zamanin kakanninmu. Yau ana zaftare badala ana gina shaguna, ana zuba mata shara, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya aka maye ta da ta siminti, masoyan tsufa kuwa suna nan suna neman inda haske ya fi faɗawa. Shi wannan injiniya namu ya rantse ba zai ajiye amarya a ɗakin ƙasa ba, sai mai tayil da silin. Shi da ire-irensa suna ɗaukar hoton tamojin fuskar tsohuwa mai ƙosai a bakin lungu, ba sannu ba cinikin ko na naira hamsin. Wanda ya iya karanta murmushi a jikin bango, ya kasa karanta abin da ke rubuce a fuskar baffansa, ga ta a murtuke taku uku daga gare shi.

Mu a zamaninmu hoto al'amari ne mai alfarma. Mutum yakan yi wanka, ya ɗauko rigar salla, ya aro agogo, ya zauna a kujerar mai hoto ya shimfiɗa tafukansa bisa gwiwoyi domin jikoki su shaida yatsunsa goma cif suke, mai hoto kuma ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ce kada a yi motsi. Da wani ya ce a tsaya gaban rusasshen bango, da an ce maƙiyi ne ya turo shi.

Wannan kuwa ya tuna mini da abin da na gani a wani ofishi inda ake ɗaukar hoton katin shaida. Na zauna gaban na'ura da fuskata wadda Allah ya halitta mini, mai idanu biyu na gaskiya da hanci da baki, sai yarinyar da ke aikin ta ce, “Baba, na'ura ta ce ba ta ga fuska ba.” Aka ce in cire hula, na cire, aka ce in cire tabarau, in ɗaga haɓa, in ƙifta ido, in buɗe baki, in juya hagu, duk na yi a gaban 'ya'yan cikina suna ƙunshe dariya, har daga bisani na'urar ta yi mini alfarma ta yarda ni mutum ne. Da katin ya fito kuwa, sai ga wani baƙin mutum mai kumburarren kunci wanda ban taɓa gamuwa da shi ba, irin wanda in ka gan shi a ƙofar gidanka da magariba za ka tura yaro ya kira 'yan sintiri. Tun daga ranar, duk inda na miƙa shi, sai ma'aikaci ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin, sa'an nan ya mayar mini da shi da hannu biyu cikin ladabi ya ce, “Baba, ka koma ka gaya wa mai katin ya zo da kansa.”