Basarke Ya Koma Ruwa da Silifas

Basarke, jikan masu homa da gora. Barunjenka ne na kasuwar Kafanchan, wanda naman rumfarsu ya raine ka, tunda kifin gidanku a tatsuniya kawai muke jin labarinsa.

An ce mini ka koma sana'ar kakanni. Wallahi da farko murna na yi. Na ce to, ritaya ta yi rana, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaɗa tuta a tashar jirgi ya tuna shi ɗan ruwa ne. Na zaci zan ga taru a shanye a tsakar gidanka, ko birgi, ko mamari. Sai ga autanka ya zo sayen tsoka, ƙafa ɗaya silifas shuɗi, ɗaya ja. Na ce yaro lafiya? Ya ce Baba ne ya mai da sauran ƙwari. Ladanmu ma tun watan jiya yake cigiyar warin takalminsa, ruwan ɗorawa, mai kauri. Ban ce kai ne ba. Na dai ga launin abin da ke maƙale a hularka.

Bari in yi wa jama'a bayani da kaina, don kai in ka fara, sai a kira magariba ba ka kai ga ƙugiya ba. Ƙwaron ƙarya mutumin nan yake ƙerawa da soso. Ana samun tsohon silifas mai kauri, a wasa bakin bututun ƙarfe, na eriyar tsohuwar rediyo ma ya isa, a murza shi cikin soson ya fitar da ɗan mulmulallen guntu. A goge bayansa da samfefa ya tsuke, a ƙwaƙule gabansa ya yi ɗan rami. Ramin nan shi ne sirrin abin: in aka fizgi igiya sai ya kamfaci ruwa da iska ya ce ɓul, kifi ya zaci fara ce ko ɗan kwaɗo ya faɗo yana neman tsira. Daga nan a naɗe jikin ƙugiya da zare, domin gam ba ya kama santsin ƙarfe, a tsaga cikin soson da reza, a ɗiga sufagulu, a cusa ƙugiyar a matse. Jela gashin zakara ne ko na zabo. Ƙafafu robar ɗaure kuɗi ce, a zura ta da basilla ta ratsa jikin. Sai a ɗiga masa idanu da fenti, a shafe shi da jan farce. Zakaran gidanka an ce yanzu ba ya cara sai ya leƙa ya tabbatar ka fita.

Jifan ma nasa daban ne. Mu dai mun san dalma ake ɗaura wa fatsa, ko nauyin koto ya ja zaren. Wannan ƙwaro ba shi da nauyin da zai kai shi ko nan da can, shi ya sa igiyar ake yi mai kauri, ita ce ke ɗaukar sa. Dole mai jifa ya yi ta kaɗa sanda gaba da baya, igiya na shawagi a bisa kansa, kafin ya sake ta. Yaran Madakiya da suka hango ka a bakin rafi kana wannan aiki gida suka ruga, wai ga wani dattijo can yana yi wa aljanu bulala. Abu na farko da ka kama reshen mangwaro ne, na biyu kunnen rigarka.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗar sa a rumfata kana jiran gyara: wai ilimi ne mai dogon tarihi. Ban musa ba. Wani marubucin daular Rum, Aelian, ya rubuta wajen shekara ta 200 miladiyya cewa mutanen Masedoniya na naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara su yaudari kifi. A Ingila an buga wani littafi a 1496 mai bayanin ƙwarin ƙarya 12, kowanne da watan da ake jefa shi. Shi kuwa mai ɓul ɗin naka ɗan kudancin ƙasar Amurka ne. A farkon ƙarni na 20 da toshiyar kwalba ake sassaƙa shi, kuma an fi danganta shi da Ernest Peckinpaugh na garin Chattanooga a jihar Tennessee. Soso daga baya ya shigo, don ya fi arha, ba ya fashewa in ya bugi dutse, ba ya jiƙewa ya nutse. Ka ga duk na haddace, gyarana bai tafi a banza ba. Abin da ba ka taɓa faɗa ba shi ne wane kifi suka yi wa ƙwaron. Wani mafarauci ne da suke kira bass, wanda babbansa dunƙulen hannu na shiga bakinsa, yana laɓe ƙarƙashin bado yana jiran abin da zai motsa a sama. To kai wa kake yi wa naka?

Mu duba 'yan ruwanmu. Karfasa bakinta ɗan mitsitsi ne, ƙwaron da autanka ya nuna mini kuwa ya kai babban yatsana, kuma yatsan mahauci ne. Ko tana so, ta ina za ta fara? Tarwaɗa ba da ido take cin kasuwa ba. Da gashin bakin nan nata take lalube da ɗanɗanar abinci cikin laka da duhu, shi ya sa take zuwa wa tana da hanjin kaza. Sai dai ko in warin takalmin da aka shekara ana shiga bayi da shi zai ja ta, wannan kam ban yanke maka ƙauna ba. Sannan ga rashin sanin lokaci. Ƙasar nan tamu ruwa take sha tun Afrilu har Oktoba, rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro su yi jajawur da laka. Kai kuma a tsakiyar Agusta ka saɓi sanda ka nufi gindin Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kusan mita 30 da rugugin da ko ihun mutum ba a ji. A nan kake so kifi ya ji ɗan ɓul ɗin silifas?

Wanda zai kai wa abinka hari da gaske tsage ne, shi kuma manyan koguna ya fi so, irin su Binuwai da Neja, kuma haƙoransa datse zare suke yi in ba a sa guntun waya a gaban ƙugiya ba. Giwan ruwa ma yana cafkar ƙwaron ƙarya. Turawa na zuba kuɗi su je kogin Faro a arewacin Kamaru su neme shi cikin dare da irin sandar nan taka. Amma ina kai ina Faro, kai da ko Gidan Waya za ka sai an yi maka karo-karon kuɗin mota?

Ka tuna inda kuka fito. Kakanka jirgi ya biyo da kwandunan banda bayan 1927, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos, ya ga gari na cika da ma'aikata masu albashi, ya sauke kaya ya zauna. Dangin da ya baro a Kabi har yau su ne ke faɗa wa kogin Matan Fada a bikin Argungu, bikin da aka faro a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da kuma UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Homa da gora kawai, mutum ya nutse ya fito rungume da giwan ruwan da sai an taru ake ɗauka. In suka ji jikansu na zaune da tabarau a karan hanci yana shafa wa soso jan farce, Sarkin Ruwa da kansa zai aiko a karɓe sunan.

Duk wannan ba shi ya fi ƙona mini rai ba. Rowar ce. Masunci na gaskiya ko zai kashe kifi sai ya ciyar da shi tukuna: tana, gara, fara, dusa. Ciniki ne, kowa ya san abin da ya bayar. Kai ko loma ɗaya ba ka yarda ta shiga bakinsa ba. Mu mahauta da kuke zagi da ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tsoka, ko sa za mu kayar sai mun ba shi ruwa ya sha. Na kuma ji wata sabuwa, wai a wurin masu wannan wasa burgewa ce a kama kifi, a ɗauki hoto, a mai da shi ruwa. Na san ita ta fi yi maka daɗi a duk karatun, don yanzu kana dawowa da jaka wayam ka ce ka kama ka saki. Ina hoton? Wai caji ya ƙare.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da za ta kumbura maka kai. Na fi son haukan nan naka da wayon masu zuba gamalin a rafi, su kashe uwa da 'ya'ya da ƙwai a wuni ɗaya, su bar mutanen gangare da shan guba. Na fi son sa da na masu jan gidan sauro a ruwa suna kwashe kifin da bai kai farce ba. Ƙwaronka kifi ɗaya yake nema, shi ma sai ya yarda. Silifas ɗin da zai je ya toshe kwalbati kuma ya sami aikin yi. Hannunka ma ba laifi, na riƙe ɗaya na jujjuya, aiki ne tsaf. Illar kawai, mutane kake yi wa kwalliyar. Kifi daga ƙasa yake kallo, cikin ƙwaron da inuwarsa yake gani, kai kuwa duk zanen a gadon baya ka zuba shi, har da gira.

Tunda Sarkawa sun rasa mai gaya maka, zauna mahauci ya koya maka su. Rage abin kada ya wuce ƙwayar gyaɗa, a kan ƙaramar ƙugiya. Bar tazara tsakanin soso da tsinin ƙugiyar, domin naka soson ya cike gurbin, ko kifi ya cafka ba abin da zai riƙe shi. Jira rani, bayan an tashi daga bikin Afan na Kagoro na 1 ga Janairu, hunturu ya fara sassautawa, ruwa ya ja baya ya kwanta gurbi-gurbi tsakanin duwatsu ya yi garau. Ko kuma ka tari ruwan farko, lokacin da shinge ke fitowa yana faɗawa ruwa, kifi ya ɗago kai yana kiwo a sama. Fita da sassafe ko dab da magariba, ka jefa kusa da ciyawa ko ƙarƙashin reshe. In ya sauka, ƙyale shi har ruwan ya daina motsi, ka ɗan fizga sau ɗaya, ka yi tsit ka jira. A nan na san za ka faɗi, don tun muna makarantar allo ba wanda ya taɓa ganin bakinka a rufe.

Ga sharaɗi a gaban jama'a. Ranar da ka kawo karfasa uku da ƙwaronka ya kama, da shaidu biyu waɗanda ba Sarkawa ba, na yafe bashin da ke littafina, in ƙara maka da kan sa da ƙafafu. In watan Cika-ciki ya kama ba ka kawo ba, ka biya bashin duka, ka haɗa da kuɗin sharar da kake ta noƙewa. Kifin kududdufin siminti ba ya cikin lissafi. Na san kamanninsa, kuma mai sayar da shi maƙwabcin rumfata ne.