Gajiyar Bature a Bakin Bazazzagi

Malam na Samaru, bawan Kanawa, ina gajiya? Ba sai ka amsa ba. Duk ɗan halak ɗin da aka yi wa wannan tambaya a ƙasar Hausa, ko yanzu ya sauke kwanon kankare daga hawa na uku, "ba gajiya" zai ce, a wuce wurin. Kai kuwa tun da aka ba ka ofis mai fanka da kujera mai juyawa, gaisuwarka ma sai da tafinta. An watse daga ɗaurin auren ƙanenka, jama'a suna ta yi wa juna ban gajiya a waya, sai ga naka saƙon: "I am absolutely knackered." Mu da muka taso daga Kano muka kafa rumfa, muka jera kujeru, muka raba goro da dabino, ba wanda ya ce uffan. Kai da aikinka bai wuce gyara zaman hula da raba kaza da ƙashinta ba, kai ne har da "absolutely".

Na san ku Zage-zagi, ba a taɓa ku a kan nahawu a kwana lafiya. To yau Bakano zai karantar da kai, kuma kyauta, abin da ba halinmu ba ne. Bature bai tara kalmomin gajiya don ado ba. Kusan kowacce akwai wani aikin wahala da ya haife ta, na doki ko na rijiya ko na ƙarfe. Kai ka ɗauko su ne ba ka biya kuɗinsu ba.

Fara da wadda ka zaɓa da kanka. Kafin zuwan mota, doki ne injin Ingila. Shi ke jan garma, shi ke jan keken gawayi, shi ke jan motar haya a titunan Landan. In ya tsufa, ko ƙafa ta karye, ko huhu ya lalace, akwai mai sana'ar da ake kira masa, sunansa "knacker". Ba mahauci ba ne, don naman ba na mutane ba ne. Zai saye dokin a wulaƙance, ya kai shi farfajiyarsa ya kashe. Fata ta tafi majema, a dafa ƙashi da kofato a yi gam, kitse ya koma sabulu da kyandir. Naman kuwa a dafa shi, a yayyanka, a soke a tsinke, 'yan talla su riƙa bin layi-layi suna sayar wa masu kyanwa. E, tsiren kyanwa, kuma sana'a ce sosai a Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Saboda haka duk wanda ya ce shi "knackered" ne, ya sanar da duniya cewa ya gama amfani, a zo a ɗauke shi a yi gam.

Kuma ba ka da uzurin rashin sani, don na tabbata ka karanta Gandun Dabbobi, littafin George Orwell na 1945 wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa a 1975. Ka tuna Akawal, dokin nan da ke riga kowa tashi, ya yi ta jan duwatsu har ranar da ya faɗi bai iya miƙewa ba? Aladu suka ce asibiti za a kai shi, ashe motar da ta zo ta mai kashe dawaki ce, suka sayi barasa da kuɗinsa. Wannan shi ne mai haƙƙin kalmar. Ka gaya mini dutse nawa ka ja a gidan bikin nan.

Akwai ma wani dalilin da ya sa tsofaffin Ingila ba sa son jin ta a bakin yara. In ka ƙara mata harafi ɗaya a ƙarshen "knacker", sai ta koma sunan abin nan da ake dandaƙe wa bunsuru ya zama taure. Ba zan ƙara bayani ba, surukanka suna karanta wannan shafi. 'Yan gabashin Landan, waɗanda ake ce wa Kokni, suna da irin nasu zaurance, inda ake musanya kalma da wata mai amsa amo ɗaya da ita. Su sai suka ce "cream crackered", daga sunan busasshen biskit ɗin nan da kamfanin Jacob ya fara yi a Dablin a 1885. Wannan kam ba ni da ja in ka ɗauke ta, tunda shekara da shekaru kana tsoma shi a shayi ƙarfe goma na safe kana kiran haka aikin ofis.

Amma in don Allah za a yi, kalmar da aka yanka daidai wuyanka ita ce "jaded". Ita ma daga doki ta fito. "Jade" tsohon sunan ramammen doki ne da aka gama mora, yana cikin Turanci tun zamanin marubuci Chaucer a ƙarni na 14. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta sauka daga kan doki ta hau kan masu hali: mutumin da daɗi ya ginshe shi, ya ci ya sha ya gani har ba abin da ke burge shi. Gajiyar ƙoshi ke nan. Na gan ka bayan la'asar ranar nan, an miƙo maka faranti na uku ka kau da kai kana numfashi sama-sama. Da a lokacin ka ce "jaded", wallahi da ni zan fara shaida.

Sai wadda kake rubuta wa shugabanka in kana neman hutu, wato "exhausted". Wannan Latin ce tsagwaronta. "Haurire" shi ne jan ruwa daga rijiya, "exhaurire" kuwa a yi ta ja har guga ta dawo da laka. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16, aka riƙa faɗinta a kan baitulmalin da aka kwashe da gonar da ta sallace, da kuma mutumin da ƙarfinsa ya ƙare. Da injin tururi ya zo aka ba hayaƙin da ya gama aiki wannan suna, shi ya sa har yau bututun bayan mota, wanda makanikanmu ke haɗawa da salansa, yake amsa shi. Sharaɗin kalmar dai ɗaya ne: sai da ruwa a rijiyar tun farko. A nan ne nake da tambaya a kanka, amma na bar ta saboda zumunci.

"Fatigue" ta fi ba ni sha'awa, don ita ce ta fi yawo. Daga Faransanci aka aro ta a ƙarni na 17. Soja suka karɓe ta suka sa wa duk aikin bariki da ba na bindiga ba, irin su shara, haƙa masai da feraye dankali, har kakin da ake sawa don wannan aiki ya gaji sunan. Daga nan injiniyoyi suka ɗauka, bayan sun gano cewa ƙarfe ma yana gajiya. A 1842 ƙarfen da ke haɗa ƙafafun wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Faris ya karye ana tsakar gudu, wuta ta tashi, mutane da yawa suka ƙone a taragun da aka kulle. Wani Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya irin waɗannan ƙarafa a inji, ya nuna cewa ba sai an ɗora wa ƙarfe nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Ƙaramin nauyi ma, in ana ɗorawa ana saukewa sau dubbai, wata 'yar tsaga za ta fara inda ido ba ya gani, ta yi ta ci har ranar da abin zai ɓalle gaba ɗaya. A 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, suka tarwatse a sama kan Bahar Rum cikin wata uku. Masu bincike a Farnborough suka tsoma gangar jirgi guda cikin ƙaton tankin ruwa, suna matsawa suna sakewa, har ta tsage a gabansu. Tsagar daga kusurwa take farawa, a bakin tagogi da sauran kafofin da aka yanka kusan murabba'i. Shi ya sa in ka leƙa tagar jirgi yau ba za ka ga kusurwa ba. Kai dai ka kwantar da hankalinka, Malam. Na dube ka daga wuya zuwa gwiwa, ba inda tsaga za ta samu kusurwar farawa.

Tsofaffin gida su ne "tired" da "weary", waɗanda ke bakin Turawan Ingila tun fiye da shekara dubu, kafin Faransanci ya shigo musu da yaƙin 1066. Ta farkon ba ta da dangantaka da tayar mota, ko da yake na san za ka so a ce tana da ita don ka samu abin yin lacca. Ta biyun kuwa tana da 'yar uwa a tsohon Jamusanci mai ma'anar wanda ya bugu, mai tafiya yana tangaɗi. A nan zan yi maka nasiha ta tsakani da Allah, don na san ka da son haɗa kalmomi biyu inda ɗaya ta isa. Kada ka kuskura ka ce wa Baturen Ingila kai "tired and emotional" ne. A majalisarsu ba a yarda ɗan majalisa ya ce ɗan uwansa ya sha ya yi tatul ba, jaridu kuma suna tsoron shari'ar ɓata suna. Sai mujallar barkwanci ta Private Eye ta yayata wannan lafazi a 1967 a kan George Brown, ministan harkokin wajen gwamnatin Harold Wilson, wanda kowa ya san shi da kwalba. Tun daga nan ma'anarsa ke nan. Ka faɗe shi a bainar jama'a, 'yan Hisba su tare ka tun daga Kwanar Dangora, ni kuwa in ce ban taɓa ganinka ba.

"Dog-tired" ba zan ɓata tawada a kanta ba. In kana so ka kira kanka kare, bakinka ne. Labarin da ake yawo da shi cewa Sarki Alfred ne ke tura 'ya'yansa bin karnukan farauta har su galabaita, ƙanzon kurege ne, don sarkin ya mutu a 899, lafazin kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru ya bayyana a rubuce.

Wadda ta taɓa mu Kanawa ita ce ta kunna kyandir ta kai da gindi, "burning the candle at both ends". Yau ana nufin mai kwana aiki ya kuma yi sammako. Amma lokacin da Randle Cotgrave ya sa ta a ƙamusunsa na Faransanci da Turanci a 1611, almubazzaranci take nufi. Kyandir kuɗi ne a lokacin, har haraji gwamnatin Ingila ta ɗora masa daga 1709 zuwa 1831. Ni tsohuwar ma'anar ta fi shiga kaina. Wanda ya hana kansa barci ai gobe zai rama, amma a ƙona kyandir guda ta fuska biyu? Wannan ko a Kantin Kwari aka ji sai an yi salati.

Guda ɗaya ce ba na so ka yi wasa da ita, ita ce "burnout". Graham Greene ya sa irin wannan lafazi a sunan littafinsa na 1960 da ya gina a wata cibiyar kutare a Kwango, inda likitoci ke kiran mai cutar da ta gama cin abin da za ta ci ta mutu da kanta da wannan suna. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya ɗora ta a kan 'yan sa kai na wani asibitin kyauta a Niyok da ke kula da masu shan ƙwaya. Ya ga yadda suke zuwa da zafinsu, bayan shekara guda su koma ba sa barci, ba sa jin tausayi, ba sa ganin amfanin abin da suke yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki ke jawowa. Wannan ta ungozoma ce mai karɓar haihuwa dare da rana da fitilar waya, da malamin firamaren da ajinsa ya cika har bakin taga. Su ne kuma in ka gaishe su za su ce maka ba gajiya. Ka bar musu kayansu.

In Turancin ne dole, ga na Sabon Gari nan a ƙofar gidanka, "I don tire", gajere, ba doki ba rijiya. In kuma wadda ka fara zaɓa ce ranka ke so, hanya a buɗe take. Ka zo Kwari ranar da tirela ta sauke kaya, a ɗora maka dila guda ta atamfa, ka hau da ita bene ka sauko ka ɗauki ta biyu. Da azahar ni da kaina zan rubuta maka "knackered" a takarda in sa hannu, dillalai biyu su shaida.

Kafin nan akwai lissafi. Muharram na tafe, kuɗin sharar bara ba ka biya ba, ga na bana, ga tarar kalmomin da ka yi amfani da su ba bisa haƙƙi ba. Ta banki za ka turo, don na san in na ce ka kawo da kanka, hanyar Kano ma wata sabuwar kalma za ta jawo mana.