Ƙa'idojin Ɓata a Birnin Fas: Jagora ga Ma'aurata Masu Kwana Uku

Cikin garuruwan da suka yi suna saboda jami'o'insu, birnin Fas na ƙasar Maroko ne ya fi dacewa ma'aurata su gwada ƙarfin igiyar aurensu a cikinsa, domin ya haɗa tsohon ilimi da matsattsun lunguna. An kafa garin a shekarar 789 zamanin Idrisu na Ɗaya, sannan a 859 aka aza harsashin masallacin Ƙarawiyyin, wanda ake yi wa kirari da cewa babu makarantar da ta girme shi cikin waɗanda har yau ake karatu a cikinsu. Masana suna jayayya kan ko a kira wurin jami'a tun asali ko babbar makarantar zaure, tunda sai a 1963 aka shigar da shi tsarin jami'o'in gwamnati, kuma wannan ce kaɗai jayayyar da mata da miji za su tarar a garin wadda babu hannunsu a ciki. Abin da ake nufi da tsara tafiya a nan shi ne raba laifi tun daga gida, domin ɓata a Fas wajibi ne, abin da ya rage kawai shi ne sanin wanda za a ɗora wa.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin iska, amma a Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40, wanda kuwa ya baro Sakkwato ya biya kuɗin biza da na jirgi don ya tarar da irin ranar da ya bari a gida bai yi dabara ba. Daga Kasablanka, inda jiragen Legas da Yamai suke sauka, jirgin ƙasa yakan kai mutum Fas cikin kimanin awa huɗu.

Abin da ya fi lokaci muhimmanci shi ne ɓoye labari. Da zarar dangi sun ji an ambaci Fas, tafiyar shaƙatawa ta mutum biyu ta zama aike, sai sallahu ya fara shigowa, wato kuɗin da ake bai wa matafiyi ya sayo kaya, waɗanda bisa al'ada ba sa kai rabin farashin abin da ake so. Kawu zai nemi alkyabba, gwaggo turare da carbi, ƙanen miji kuma jar dara, hular nan da Turawa suka laƙaba wa sunan garin. Masu nazarin wannan fanni sun fi karkata ga a sanar da iyaye kaɗai, da daddare, kwana ɗaya kafin tashi.

Masauki mafi dacewa shi ne riyad, wato gidan gargajiya mai tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita, wanda aka mayar gidan baƙi. Sai dai mota ba ta shiga Fas al-Bali, wato tsohon gari, don haka tasi zai ajiye baƙi a bakin ganuwa, a loda kaya a amalanken hannu. A nan ne maigida zai gane cewa uwargida ta shirya wa kwana uku akwatunan da suka isa lefe, kuma ɗakin da shi ya zaɓa a intanet saboda kyan hoto yana hawa na uku, bisa matakala mai tsayin gwiwa. Laifi na farko ke nan, kuma ya rabu biyu daidai, abin da ba zai sake faruwa ba.

Ana shiga tsohon garin ta Bab Bujulud, ƙofar da aka gina a 1913, shuɗiya daga waje, koriya daga ciki. Hanyoyi biyu ne suke gangarawa daga nan, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, kuma ma'anar tala'a ita ce hawa, gargaɗin da baƙo ba ya ganewa sai lokacin komowa. Ana cewa lungunan garin sun kai 9,000, taswirar waya kuma takan ruɗe tsakanin dogayen katangu. Ɓatan magidanci yana da matakai uku. Na farko shi ne musu, inda yake ƙara sauri don a ɗauka ya san inda ya nufa. Na biyu tawili, wato karkatar da ma'anar abin da ya faru, inda yake bayyana cewa da gangan ya biyo ta nan don ta ga kasuwar makera. Na uku dangana, wadda takan zo bayan an wuce mai sayar da dabino ɗaya sau uku har ya fara gaishe su. Ladabin uwargida a wannan hali shi ne kada ta ce komai, sai dai ta tambaya a hankali, "Malam, wannan ba shi ne mai dabinon ɗazu ba?", tambayar da ta fi kowace gardama zafi.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma karin maganar tana buƙatar sharhi a Fas, domin yaron da aka tambaya yakan amsa cewa hanyar a rufe take, sannan ya yi jagora cikin fara'a zuwa shagon darduma. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce gangara tana kai mutum wajen Ƙarawiyyin, hawa kuma yana mayar da shi ƙofar gari. Kalma ɗaya ce dole a haddace, wato balak, ma'ana a kauce, wadda masu jakuna da alfadarai suke kira, kuma idan aka ji ta ana mannewa da bango ba tare da neman shawarar juna ba. Wanda ya damu da ɓata lokaci ya tsaya gaban Darul Magana, agogon ruwan da aka gina a 1357 daura da makarantar Bu Inaniyya, ya ga yadda ya daɗe da tsayawa ba tare da garin ya fasa komai ba.

Isa Ƙarawiyyin yana da nasa haɗarin ga maigida. Bisa ruwayar malamin tarihi Ibn Abi Zar, mace ce ta gina masallacin, Fatima al-Fihriyya, da dukiyar da ta gada daga mahaifinta, attajiri ɗan asalin Ƙairawan, 'yar'uwarta Maryam kuma ta gina masallacin Andalus a ɗaya ƙetaren kogi. Uwargida za ta ji wannan, za ta kuma adana shi har ranar da maganar komawarta karatu ko jarin sana'arta ta sake tasowa, saboda haka ya kamata a tanadi amsa tun a jirgi. Musulmi suna shiga su yi salla, amma masallacin yana ɗaukar masallata kimanin 20,000, ƙofofinsa sun haura goma, maza da mata kuma ba wuri ɗaya suke tsayuwa ba, don haka alkawarin "mu haɗu a bakin ƙofa" daidai yake da sallama. Idan maigida yana son farfaɗo da martabarsa, sai ya ambaci Hasan al-Wazzan, wanda ya yi karatu a Fas, ya kuma kawo labarin Kano da Katsina da Zazzau a littafinsa da aka buga a 1550, ya nuna cewa su rama ziyara suka zo yi, ko da yake an ɗan makara.

Ba nisa daga Ƙarawiyyin zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi a 1815, kuma nan ne sirrin tafiyar yake ƙarewa, domin da wuya a daɗe a wurin ba a ji Hausa ba, kuma labari yakan riga ma'auratan isa gida.

Majemar Shuwara ana kallonta ne daga saman shagunan fata, inda ake miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya kanga a hanci, saboda ana jiƙa fatun da farar ƙasa da kashin tattabara. Saukowa sai ta tsakiyar jakunkuna, kuma a nan rabon aiki ya zama dole: uwargida ce mai tayi, aikin maigida shi ne ɗaure fuska da kallon ƙofa, domin murmushinsa ɗaya yana iya ƙara dirhami ɗari. Kada ya yi wa mai shago laccar cewa da yawa daga abin da Turawa suka sani da fatar Maroko ta jar akuyar Sakkwato ce da ayari ya ƙetaro da ita Sahara, domin maganar gaskiya ce amma ba ta rage ko sisi. Da dare za a kawo bastila, wato naman tattabara cikin siririn fulawa da aka barbaɗa wa sukari da kirfa, kuma Bahaushen da ya saba ganin tattabara cikin yaji zai buƙaci ɗan lokaci kafin ya yafe.

Yammacin rana ta uku ana hawa tudun kaburburan sarakunan Banu Marin, daga inda ake hango garin gaba ɗaya da koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Maigida zai miƙa yatsa ya nuna daidai inda suka ɓata, zai kuma yi kuskure, amma an so a bar shi, saboda gobe akwai ma'aunin filin jirgi, wanda akasari ba ya yarda akwati ya wuce kilo 23, ga darduma, ga jakunkuna huɗu, ga alkyabbar kawu, kuma a lokacin uwargida ce za ta buƙaci wanda zai yi shiru.