Ƙanƙara Babu Sanyi

Likita ya dubi tumbina ya ce in riƙa motsa jiki. Ni kuwa da yake ban iya yin abu kaɗan ba, sai na sayi takalmin kambas, na cika gora da ruwa, na nufi duwatsun Pauwa a ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Sunan garin ne ya yaudare ni. Ƙanƙarar da na samu a can ita ce gumin da ya jiƙa mini riga tun kafin in kai rabin hawa.

Na dogara da Google Maps. Da na shiga tsakanin duwatsu, shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda nake ya tsaya cak, kamar an koma 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda 'yan bindiga. Ina zaune ina haki, wata tsohuwa ta wuce ni da damin itace a ka, da silifas a ƙafa. Ta ce, "Sannu ɗan nan, ciwo ne?" Na ce motsa jiki nake. Ta ce Allah Ya sawwaƙe.

Wani yaro mai kiwon awaki ne ya sauko da ni. Ya ce in sa rana a kafaɗar hagu in bi sawun awaki, sun fi wayata sanin hanya. Da muka iso ƙasa mutanen gari suka yi mini faɗa: a wannan zamani ba a hawa dutsen nan sai an tambayi halin da daji yake ciki.

Kwana uku ina sallah a zaune.