Idan Bidiyon Biki Ya Ƙi Buɗewa a Gaban Surukai

Da farko ka ajiye rimot ɗin nan. Bugunsa da tafin hannu bai taɓa buɗe bidiyo ba, haka ma hura iska a bakin filas. Falo ya cika da gwaggwanni da surukai, an kashe fanka don a ji kiɗa sosai, ka soka filas a bayan talabijin, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Kafin ka kira mai ɗaukar bidiyo ka sauke masa kwandon masifa, ba ni aron kunnenka. Sau da yawa bidiyon lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin ne bai iya karanta shi ba.

Haruffan da ke wutsiyar sunan fayil, MP4 ko MKV ko MOV ko AVI, kula ce kawai. Abincin da ke cikinta shi ne hoto da sauti, kowanne da irin girkin da aka yi masa, wanda masu sana'ar ke kira kodek. Shi ya sa fayil biyu za su zo da sunan MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi. To idan wani ƙanenka mai ji da kansa ya ce a goge MKV a rubuta MP4, ka gode masa da kyakkyawar niyya, ka tuna masa cewa rubuta "shinkafa" a murfin kular tuwo ba ya canza abin da za a ci.

Kodek ɗin hoto da kusan kowace na'ura ta sani shi ne H.264, wanda ya fito a 2003. Ƙanensa H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013, yana matse bidiyo zuwa kusan rabin girman na H.264 ba tare da hoton ya lalace ba. Abu ne mai kyau, sai dai tsofaffin talabijin ba su san da zamansa ba, kwamfutoci da yawa masu Windows ma sai an saya musu ƙarin manhaja. Tun 2017 kuma wayoyin iPhone da shi suke ɗauka idan ba a hana su ba. Mai iPhone da ke son zaman lafiya da dangi ya shiga saitin kyamara, wajen Formats, ya zaɓi Most Compatible tun kafin ranar kamu.

Don ka gane mai laifi, kai fayil ɗin kwamfuta ka buɗe shi da VLC, manhajar nan mai alamar mazurarin kan titi ruwan lemo. Ɗaliban École Centrale Paris ne suka fara ta, kuma tun 2001 kyauta take ga kowa, Allah Ya saka musu. Tana tafe da kodek ɗinta a jikinta, ba ta roƙon kwamfuta komai. Idan ta nuna amarya tana rausaya, mai ɗaukar bidiyo ya wanke kansa. Danna Ctrl da J tare, za ta faɗa maka irin hoton da irin sautin da ke ciki.

Magani shi ne HandBrake, ita ma kyauta. Ka ba ta fayil ɗin, ka zaɓi MP4, hoto H.264, sauti AAC, girma 1080. Idan a 4K aka ɗauka, rage shi haka ne zai hana ƙaramar waya sarƙewa tana nuna ango yana tafiya taku ɗaya yana hutawa. Aikin na iya cin awanni, don haka a cika batir, a kuma tabbata akwai mai a janareta. Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka goge na asalin. Kowane juyi yana rage wa hoto wani abu, kuma ba a sake ɗaura aure don an rasa fayil.

Akwai wata cutar da ta fi wannan ban haushi. Hoto tar, maroƙi yana buɗe baki har ana ganin dasashinsa, amma shiru kake ji. Kada ka kai sauti ɗari. Ba zai fito ba, kuma da zarar ka koma tashar labarai unguwa gaba ɗaya za ta san farashin masara. Yawanci sautin a AC3 ko E-AC3 ko DTS yake, waɗanda masu ƙera na'ura ke biyan lasisi kafin su saka, wasu kuwa ba su biya ba. Sautin kaɗai ke buƙatar juyawa zuwa AAC. Manhajar FFmpeg na iya yin haka cikin mintoci, ta kwafe hoton yadda yake ba tare da ta taɓa shi ba. Idan kuwa baki ne ya riga murya, a VLC harafin J da K suna ja da sauti baya ko gaba kaɗan-kaɗan har su daidaita.

Sai filas mai gigabait 32 da ba komai a cikinsa, amma ya rantse fayil ɗinka ya fi ƙarfinsa. Tsarinsa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Mayar da shi exFAT na warware wannan, sai dai yana share duk abin da ke ciki, kuma wasu tsofaffin talabijin FAT32 suka fi ganewa. Ga irinsu, a matse bidiyon ko a raba shi biyu, kamu daban, walima daban.

'Yan'uwa na nesa za su ce a turo ta WhatsApp. Ka tura, amma a matsayin takarda, wato Document, inda ake karɓar har gigabait 2 ba matsi. In ka tura shi kai tsaye, zanen lallen da aka wuni ana yi zai isa Jidda a dagule.

Idan VLC ma ta ƙi, nan ne raha ke raguwa. Duba girman fayil ɗin ka gwada da na asali, domin mai gaggawar zare filas kan tafi da rabin biki. Idan waya ce ta mutu ana tsakiyar ɗauka, ka sani sai an tsayar da ɗauka MP4 ke rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. Hotunan suna nan, jadawalin ne babu. Wata 'yar manhaja mai suna untrunc kan iya sake gina shi idan ka ba ta wani lafiyayyen bidiyo da wayar nan ta ɗauka da saiti iri ɗaya.

Mafi muni shi ne memori na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar duk abin da ka ba shi da fara'a, sunayen fayil suna nan reras, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya salwanta, babu manhajar da za ta dawo da shi. Duk sabon memori ko filas da za a ɗora wa biki, a fara gwada shi da manhajar H2testw: tana cika shi dam, ta karanta, ta faɗi gaskiyar abin da yake iya riƙewa.