Gonar Baba da Kuɗin Magani

Mu a Dundaye ba mu kai tsoho gidan gajiyayyu, ko ambatonsa ba mu so. A ɗakinsa yake tsufa, jikoki na shiga suna fita, mai kawo fura ta kawo, mai tallafarsa zuwa alwala ya tallafa. Muna alfahari da haka, kuma ya kai a yi. Abin da majalisa ba ta cika tsayawa a kansa ba shi ne wa ke biya, kuma da me.

Zazzaɓin kwana uku ba ya karya gida. Masu karya gida su ne hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, waɗanda in sun sauka ba su da ranar tafiya. Magani kowane wata, gwaji, kuɗin keke napep zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ga abincin mai jinya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, takardar likita ɗaya kan lashe abin da a da ya ishi biyu.

Kowa ya san yadda muke yi, har jerin ya zama sananne. Akuyoyin Inna ne ke fara tafiya. Sai ragon da ake kiwo don Layya, sai a kora sa zuwa kasuwar Kara. Daga nan injin ban ruwa. In ciwo bai saki ba, sai a ji wani ya yi ƙasa da murya: "Baffa, ko fadamag ga za mu ba da jingina?" Dillalai kuwa suna jin labarin kwanciyar dattijo kafin dangin nesa su ji. Tun da jami'a ta zama maƙwabciyarmu fili ya yi daraja a nan, amma wanda ya fito sayarwa da takardar asibiti a aljihu ba shi ke yanka farashi ba.

Jinginar nan ta fi komai ba ni tsoro. Ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙe gona yana nomawa har ranar da ka mayar masa. To da me za ka mayar, alhali abin da ke kawo kuɗin yana hannunsa? Shekara ta zagayo, albasa da shinkafa suna fita daga gonarku zuwa rumbun wani, bashi yana nan yadda yake. Malamai ma sun daɗe suna jan kunne a kai, don rance ne da ya jawo amfani. Haya ta fi tsabta: a ce rani biyu ko uku, kuɗi kaza, a rubuta, wa'adi ya cika gona ta dawo gida.

Akwai kuma masu cewa a yi maza a raba tun tsoho na da rai, kada asibiti ta cinye. Wani ɗan boko a majalisa ya taɓa kawo misalin Amurka, inda tsofaffi kan mallaka wa 'ya'yansu gida don shirin Medicaid ya ɗauki nauyin jinyarsu, har gwamnati kan bincika kyautar da mutum ya yi shekara 5 baya. Wani dattijo ya katse shi: "Ɗana, can gwamnati ka biya. Nan in munka raba, wa za ya biya?" Gaskiyarsa. A nan babu wanda ake ɓoye wa dukiyar sai mai ita. Gonar ta Baba ce, guminsa ce, kuma lafiyarsa ta fi kowane magaji haƙƙi a kanta. Gado ba ya zama gado sai bayan rai. Na ga gidan da aka raba komai da murna, bayan 'yan shekaru tsohon yana aika yaro ɗaki ɗaki neman kuɗin ƙwayar hawan jini, kowa na cewa a je wurin wane. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Wanda ya ga dama ya yi kyauta, shari'a ba ta hana shi ba, amma tana da ƙa'ida. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, kuma ba ta zuwa ga magaji sai sauran magada sun yarda. Shi ya sa "ai Baba ya ce mini tun yana asibiti" ke kai 'yan uwa gaban alƙali. A yi magana tun dattijo na zuwa masallaci da ƙafarsa, a kira shaidu, mai unguwa ya sani, a rubuta iyaka. Mu kan ji nauyi, wai kamar muna kira masa mutuwa. Sau da yawa shi ma yana so ya yi maganar, mu yake jin nauyi.

Gidajen da na ga sun tsira, wani abu suka ware suka ce wannan na maganin tsoho ne, ba a taɓa shi don biki ko suna. Wasu ɗakuna biyu ne da suka ba ɗaliban jami'a haya. Wasu raguna ne na turka, a sayar gab da Sallah a sake zuba wasu. Wasu kuma 'ya'yan ne ke karo-karo duk wata, na Abuja da na Legas su turo ta waya, ana rubutawa a littafi ɗaya da kowa ke iya gani. Dogara ga fadama kaɗai akwai haɗari. Wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar jami'a ta kwashe amfanin gona, ba sai an gaya masa ba. Akwai inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, kuma dokar tarayya ta 2022 ta wajabta inshorar ga kowa. Ya kamata a je a tambayi abin da take ɗauka tun ba a kwanta ba. Gidan da ba shi da komai, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ƙofa ce da ake ƙwanƙwasawa.

Sai wadda ba a sa ta a lissafi. Kusan kullum mace ce: ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ya zauna a gari. Ita ke juya tsoho cikin dare kada bayansa ya yi gyambo, ita ke wanke zane da ledar shimfiɗa da asuba ta shanya a bayan ɗaki kafin baƙi su fara sallama, ita ke ba shi kunu cokali cokali tana goge masa baki. Tuyar masarta ta tsaya, adashinta ya karye. In surukar gida ce, ranar rabon gado ko taku ɗaya na gonar ba ta da shi, sai "Allah shi saka miki." Addu'a tana da kyau, amma a cikin kuɗin hayar nan ko na ragunan nan a yanka mata nata duk wata, a kuma samu mai karɓarta ko ranar Juma'a ta je ta ga nata iyayen.